Kwana Arba'in da Goggo Ta Yi Ba Goro

Ku ɗan matso kusa, a rage muryar rediyon nan, akwai abin da nake so ku ji game da Goggo. Ni ba gwanar rubutu ba ce, ajin yaƙi da jahilci kawai na zauna, sai ku karɓi maganar yadda ta zo.

Ranar Talata ta rasu, da hantsi, bayan ta sha kunu ta ce a gyara mata matashi. Kafin azahar gidanmu na Unguwar Shanu ya cika har zaure. Dangi na Rigachikun sun zo, wannan dama mun sa rai. Abin da ban sa rai ba shi ne matan da ban taɓa gani ba. Wata ta shigo da fararen kayan asibiti a ƙarƙashin mayafi, ko canzawa ba ta tsaya yi ba. Na ce, "Baiwar Allah, ke ta wane ɓangare ce?" Ta ce, "Ni ba ta kowane ɓangare ba ce, Inna. Kitso take yi mini ina 'yar sha uku." Wata kuma daga Katabu ta taso, da goyo a baya. Ta ce ranar da ta fara ganin jini ta ɗauka hanjinta ne ya tsinke, ta je bayan ɗaki ta zauna tana kalmar shahada tana jiran mutuwa. Goggo ce ta tarar da ita, ta yi ta yi mata dariya har ta ji haushi, haushin ya kori tsoron. Tana faɗa tana kuka tana dariya, mu ma muka taya ta duka biyun.

Matar liman, wadda ta taɓa yin shekara biyu ba ta taka gidanmu ba saboda Goggo, ita ta naɗe hannun riga ta yi mata wanka. Da ta fito ta ce, "Na zage ta, ita kuwa ta rufa mini asiri." Maigida bai yi kuka a gaban mutane ba. Da aka dawo daga maƙabarta ya shige ɗaki ya hau keken ɗinkinsa na gida, muna jin yana ta taka shi, ba zare ba ƙyalle.

Goggo ƙanwar mahaifin maigida ce. Ta haifi biyar, ba wanda ya kai yaye. Da mijinta ya rasu maigida ya ɗauko ta daga Rigachikun, shekarar da na yi haihuwar fari. 'Yar gajeruwa ce, haƙoranta jawur saboda goro, kuma goron nan ba ya barin bakinta sai in za ta yi salla. Sana'arta kitso, a gindin gwaibar tsakar gida. Ta kan ce, "Yarinya ba ta faɗin gaskiya ido cikin ido. Bari ta ba ki ƙeya, kanta a cinyarki, ki ji abin da uwarta ba ta sani ba." Har unguwa ta gane ta. In yarinya ta fito daga gidanmu da manyan kalaba huɗu, lafiya lau. In ta fito da ƙananan layuka kamar an ja da allura, to an yi doguwar magana, sai dai ba mai jin ta a bakin Goggo.

Abin da ya haɗa ta da matar liman ke nan. 'Yar matar ta koma gida ta iya ƙirga kwanakin watanta, ta kuma san ta inda ciki ke shiga. Sai ga uwar ta faɗo mana ko sallamar kirki babu.

"Goggo, ki ji tsoron Allah, kina buɗe wa yara ido!"

Goggo ta gutsiri goro ta ce, "Ido ai a buɗe aka halicce shi. Malam ɗinki ba kullum yake karanta babin haila a zaure ba? Yana karanta wa masu gemu da ba su taɓa yi ba, mu masu yi a ce mu yi shiru?"

Daga baya ita wannan yarinyar ce ta kamu da ƙaiƙayi da ciwo, don uwar ta hana ta shanya tsummanta a rana, sai ƙarƙashin katifa da danshinsa. Goggo ta ce raka ta za ta yi kasuwa, ta kai ta asibiti, suka dawo da magani a ƙasan kwandon kuɓewa. Ni ma sai bayan shekaru na sani.

To, yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Kun san halinmu da 'yar fari. Ban taɓa kiran sunan tawa ba har yau. "Ke" nake cewa, in kuma da mutane sai in ce "waccan". Ita ma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena na faɗa. A ɗakin Goggo ta tashi, suna wasansu na kaka da jika, wannan ta ce "ƙawata", waccan ta ce "tsohuwa mai ran ƙarfe". Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama ta ci jarrabawar makarantar kwana ta 'yan mata. Ana gobe za ta tafi, Goggo ta ɗauko atamfarta mai laushi wadda take ji da ita, ta yayyaga ta, ta nuna mata yadda ake naɗe ƙunzugu. Ina jin ta daga tsakar gida: "Ki wanke da sabulu, ki shanya a rana tsakiya. Duk wadda ta yi miki dariya ki ce ta nuna miki inda take shanya nata."

Yarinyar tana da kai. Ta ɗaya take zuwa, ta biyu in an matsa. Maigida ya kan liƙa takardar sakamakonta a bangon shagonsa na kasuwa, duk wanda ya zo awon riga sai ya gani ko bai iya karatu ba. Kuma yana da wata magana da yake yi in zai raka ta tashar Kawo: "Ranar da kika sauko daga layin gaba, kin dawo wanke-wanke." Yana faɗa yana dariya. Ban taɓa lura cewa ita ba ta dariyar ba.

Dogon hutun da ta gama aji uku, cikin damina, sai ta dawo mana kamar an canzo ta. Ta rame, wuya ya fito. In an zuba mata tuwo ta tsakura sau biyu ta ture. Da safe tashin zuciya. Ƙanne ba su isa su gifta ta gabanta ba sai tsawa, ita da ko ƙuda ba ta kora da ƙarfi. Ni kuwa baki ne ba ni da shi a wajenta, ido da kunne suna nan. Na lura sati ya bi sati ba ta yi fashin salla ba. Na duba igiyar bayan ɗakin Goggo inda take shanya, wayam. Na ƙirga sati biyar cif.

A nan na yi kuskuren da har gobe in na tuna sai na runtse ido. Ban tambaye ta ba, don ban san ta inda ake tambayar 'yar fari ba. Ban gaya wa Goggo ba, don kada ta ce na zargi ƙawarta. Maigida na gaya wa, yana shirin fita da safe.

Ya ajiye hular da ya ɗauka. Sannan ya ce, "Boko ya ƙare a gidan nan. Yau zan sa a rubuta wa makarantar cewa ba za ta koma ba. Ƙannenta mata ma ba mai ƙara taka aji."

Ashe Goggo na bakin randa tana ji. Ta ce, "Ɗan nan."

"Na'am, Goggo."

"Ni na yi maka tsarki kana tsumma. Ka ba ni yini ɗaya. In ka dawo da yamma ka rubuta abin da za ka rubuta."

Yana fita ta shimfiɗa tabarma a gindin gwaiba, ta ɗauko kibiya da man shanu.

"Ƙawata, zo in ga kan nan, ya koma sheƙar tsuntsu."

"Tsohuwa, karatu nake yi."

"Karatun ba ƙafa gare shi ba. Ƙwarƙwata ce ke da ƙafa."

Ni na shige madafa ina tankaɗen garin da na riga na tankaɗe. Goggo ta tsefe kan a hankali, ta tsaga layi ɗan siriri, na ce a raina yau sai la'asar. Ta fara da labarin marigayi mijinta, wai ranar da aka fara nuna mata shi ta ɗauka ɗan rakiya ne, saboda muni. Yarinyar ta ɗan yi dariya. Ta yi layi biyar, ta yi shida, sannan ta ce, "Gashinki na biyo kibiya. Jijiyar wuyanki kuma tana bugawa kamar ta kazar da aka kora. Yaushe rabonki da wanki?"

"Wane wanki?"

"Wanda na yaga atamfata dominsa."

Can ta ce, "Wata huɗu."

Rariya ta kusa suɓuce mini. Goggo ko canza murya ba ta yi ba. "Akwai namiji?"

"Goggo! Wallahi tallahi..."

"Zauna, ban ƙulle layin ba. Ban ce akwai ba, tambaya na yi. In akwai, ni da ke za mu san yadda za mu yi, ba mai taɓa ki ina numfashi. In babu, to wani abu yana cin ki. Faɗa mini sunansa."

Goggo ta ƙara layi uku. Sannan na ji muryarta ƙasa-ƙasa: "A-ji-garau."

Na san sunan. Ƙwayar hana barci ce da direbobin manyan motoci ke sha in za su yi doguwar tafiya. Ashe a zangon farko na aji uku ta sauko ta shida, ta ɓoye takardar ta ce ba a bayar ba. Wata babbar ɗaliba da ke zuwa da ƙwayar a gwangwanin hoda ta ba ta guda, ta ce da ita ake cin jarrabawa. Ta sha, ta yi karatu ba gajiya, ta koma ta biyu. Daga ƙwaya guda ta koma shan biyu. Yanzu in ba ta sha ba jikinta kamar an jiƙa tsumma, in ta sha abinci ba ya shiga. Da wata ya ɗauke mata sai ta tsorata, ta san ba ciki ba ne, Goggo ta koya mata wannan tun tuni. Ita a zatonta ƙwayar ta ƙone mata mahaifa, ba za ta taɓa haihuwa ba. Wata huɗu tana ɗauke da wannan ita kaɗai, sati biyar daga ciki tana wucewa ta gabana safe da yamma.

Goggo ta bar ta ta yi kukanta a cinyarta, hannunta bai daina kitso ba. Da ta lafa ta ce, "Je ki kawo gwangwanin." Ta kawo. Suka je tare har bakin masai, ta ce, "Da hannunki." Yarinyar ta tsaya tana juya shi, sai ta ɗago da jajayen idanu.

"Ke da sauƙin faɗa. Ke ma ai ba ki iya yini ba goro."

Na ce yau za a yi ta. Goggo ta kalle ta, ta tofar da wanda ke bakinta, ta kwance bakin zanenta ta fito da guda uku farare. "Gaskiyarki. Kwana arba'in. Zuba naki in zuba nawa." Tare suka zuba.

Da maigida ya dawo ta tare shi a zaure, ni ina bayan ƙofa. Ta ce, "Ba ciki ba ne. Bakinka ne." Ta kwashe duka ta gaya masa. Ya ce shi wasa yake yi. Ta ce, "Kai ka yi wasa, ita ta ɗauki kaya." Ya ce to makarantar da ake shan ƙwaya a ciki ba wurin 'yarsa ba ne, maganarsa tana nan. Ta ce, "Ƙwayar daga tasha ta fito, inda kake hawa mota kullum. Tashar za ka rufe? In ka zaunar da ita a gida ka tabbatar mata abin da ta sha ƙwayar don tsoronsa. Gobe ka rufe shago mu je asibiti, ka ji da kunnenka."

Suka je su uku. Shi ya tsaya a gindin bishiya a waje, Goggo ta sa nas ɗin ta fito ta maimaita masa. Ba ciki, mahaifa lafiyarta ƙalau, jini ne ya yi ƙasa, jiki ya ƙare. In ta bar ƙwayar ta ci ta ƙoshi, wata zai dawo da kansa. Aka ba ta maganin ƙarin jini da takardar ƙarin hutun sati biyu. Maigida ya ce ya ji, amma bai ce za ta koma ba. "Sai na ga ta warke," iyakar abin da ya faɗa.

Kwana arba'in ɗin nan, Allah kada ya maimaita. Yarinyar ta yi kwana biyu tana barci kamar gawa, ta tashi da kuka, ta koma faɗa, ta ce kowa ya tsane ta. Goggo kuma kanta kamar zai tsage. Ta ɗaure goshi da ɗankwali, tana tauna asuwaki har ya zama igiya, tana zagin kaji ɗaya bayan ɗaya da sunan iyayensu. In baƙo ya kawo mata goro sai ta rufe ido ta miƙo mini: "Ɗauke fitinar nan daga gabana." Kowace safiya yarinyar za ta zo ta tsaya mata a ka: "Tsohuwa, buɗe baki." Ta buɗe. Ita ma ta ce, "Miƙo hannu." Ta miƙa, su duba ko rawar da rashin ƙwayar ke sa shi ta ragu. Daga nan Goggo ta dama mata fura da nono, ta zauna a gabanta, ba ta tashi sai ta ga gindin ƙwarya.

Cikin kwanakin ne muka yi faɗanmu, ni da Goggo, wanda ba mu taɓa yin irinsa ba. Ina wanke-wanke ta zo ta zauna a kan turmi.

"'Yar nan, sati biyar kina ƙirga mata salla."

Na ci gaba da cuɗa tukunya.

"Ba ki kiran sunanta, ban hana ki ba, haka muka tarar. Amma kunyar da ta iya kai ki gaban ubanta da zargi, ta kasa kai ki gabanta da tambaya, wannan ba kunya ba ce. Tsoro ne. Da na mutu bara fa?"

Na ce, "Ai ke kika raine ta."

"Ni na raina, ke kika haifa. Ni aro ce."

Kwana uku ina kai mata abinci in ajiye ba tare da na zauna ba. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba. A rana ta huɗu ta ce miyar ba gishiri, na ce da gishirinta, shi ke nan muka shirya.

Ranar talatin da uku na zagaya bayan ɗakinta zan ɗauko itace, sai na ga guntun atamfa a kan igiya, a rana tsakiya. Na zauna a kan itacen na yi kuka mai isata. Goggo ta leƙo ta gani, ta rangaɗa guɗa guda ɗaya. Maigida ya fito yana tambaya lafiya. Ta ce, "Kazata ce ta fara ƙwai, koma ciki." Ya koma. Amma da magariba ya ga wadda ba ta yi alwala ba. Washegari ya dawo da yadi, ya ɗinka mata sababbin kayan makaranta, ya bar musu sarari a ƙugu. Da ya miƙa mata ya ce, "Ko ta nawa kika zo, ki dawo mini kin cika rigar nan."

Ana gobe za ta koma, Goggo ta tashi da ciwon hannu. Ƙarya take yi, da safen na ga ta ɗaga tulu. Ta ce, "'Yar nan, ga kan ƙawata, ba ta tafiya da shi haka." Ba yadda na iya. Na zauna, yarinyar ta ba ni ƙeya, ta ɗora kanta a cinyata. Rabon kan nan da cinyata tun tana shan nono. Na yi layi ya fi goma ina neman abin faɗa. Na ce, "Ki riƙa cin abinci." Ta ce, "To." Na ƙara biyu, na ce, "In wani abu ya dame ki..." Ta ɗan danna kanta a cinyata ta ce, "Na ji, Yaya." Goggo na can gefe tana yi mana tsaki wai layin ya karkace.

Ranar arba'in da ɗaya maigida ya kawo mata goro cikin ƙwarya. Ta ci uku a zaune, ta ce a rubuta wa ƙawarta cewa ita alkawarin arba'in ta yi, ƙawar kuwa nata na har abada ne. Yarinyar ta gama makarantarta, ta huɗu ta zo a jarrabawar ƙarshe, aka liƙa takardar a bangon shago kusa da sauran. Yanzu tana karatun malanta a Zariya. Ƙannenta mata biyu suna aji.

Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da 'ya'yanta biyar da ba ta samu ta raina ba, ya saka mata da renon da ta yi wa na mutane.

Yau kwana tara da rasuwarta. Jiya da rana na ga ta ukun 'ya'yana mata, wadda ta shiga sha biyu, tana tura wani ƙullin tsumma bayan randa, tana waige-waige, fuskarta duk tsoro. Na san ko mene ne. Har na buɗe baki zan ce "Goggo", na tuna. Wannan ba 'yar fari ba ce, ba ni da abin fakewa. Yanzu haka tana tsakar gida tana shara, ni kuma ina nan na riƙe biro na ƙi ajiyewa, don in na ajiye sai na kira ta. Ku da kuka taɓa zaunar da taku, don Allah ku faɗa mini, da wace kalma kuka fara?